Yadda ake rayar da gansakukar murjani a sabon tankin ruwan teku

Duk wanda ya haɗa sabon tankin kifin ruwan gishiri, ranar da yake jira ita ce ranar da fararen duwatsun da ya jera za su fara ɗige-ɗige na shunayya da ruwan hoda. Wannan ita ce gansakukar murjani, wadda masu wannan kiwo ke kira koralin. Kada sunan ya ruɗe ka, ba irin mai yauƙin nan ba ce da ke kwanciya a bakin rijiya. Tana cikin dangin jajayen tsirran teku, amma tana zuƙar kalsiyam da kabonet daga ruwa ta gina wa kanta ɓawo mai taurin dutse. A teku, kamar Bahar Maliya daura da Jidda da Port Sudan, ita ce ke liƙe ɓaraguzan murjani (ƙananan halittun nan masu gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa) kamar siminti, kuma 'ya'yan murjani da yawa a kanta suke sauka su kafu. A tanki kuwa, in ta bazu, shaida ce cewa ruwanka ya zauna.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: ruwan da bai kai daidai ba amma yana nan yadda yake kullum ya fi mata ruwan da ake ta gyarawa, yau sama gobe ƙasa.

Da farko ka bar tankin ya nuna. Sai awo ya tabbatar maka amoniya da naitrait, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, sun koma sifili, abin da kan ɗauki mako 4 zuwa 6. A wannan tsakanin wata ƙura mai launin ƙasa za ta lulluɓe yashi da gilashi. Ba cuta ba ce, tana wucewa da kanta.

Daga nan sai ruwa. Ruwan famfo da na burtsatse suna iya ɗauko fosfet da silika da ƙarafa, ko da idonka ya gan su garau, don haka ka yi amfani da wanda aka tace da na'urar RO/DI, mai cire duk abin da ya narke a ruwa. Gishirin ma ba na miya ba ne, akwai na musamman da ake sayarwa da sunaye irin su Instant Ocean da Red Sea. Ka haɗa har ma'aunin gishiri ya nuna 1.025 zuwa 1.026, wato kusan giram 35 a kowane kilon ruwa. Idan ruwa ya ƙafe, gishirin yana nan bai bi shi ba, saboda haka da tataccen ruwa marar gishiri ake cikewa. Ka ja layi a jikin tankin, ka riƙa cikewa kullum zuwa layin. Lokacin hunturu, da iska ke bushewa, za ka ga ruwan na sauka da sauri, kuma wanda ya bari sai ƙarshen mako ya zuba gaba ɗaya ya girgiza duk abin da ke ciki.

Yanzu ga inda aikin yake. Abubuwa uku ne ke gina ɓawon: kalsiyam tsakanin 400 da 450 ppm (wato kashi cikin miliyan), alkaliniti, wato yawan kabonet a ruwa, tsakanin 8 da 11 a ma'auninsa na dKH, sai magnisiyam tsakanin 1250 da 1350 ppm. Ka sayi kayan awonsu, irin na Salifert ko Hanna, kafin ka sayi kowace kwalba da aka ce tana sa koralin fitowa. Ka tanadi ɗan littafi kana rubuta awon da kwanan wata.

Ka fara duba magnisiyam, domin shi ke hana kalsiyam da kabonet haɗewa su zube kamar alli a kan hita da famfo. In ya yi ƙasa, za ka yi ta zuba sauran biyun, awo bai motsa ba. Alkaliniti kuma shi ya fi saurin sauka, shi ne kuma wanda jujjuyawarsa ta fi yin ɓarna. Ka zaɓi lamba guda, a ce 8.5, ka tsaya a kanta. In ya sauka, ana ɗaga shi da sodiyam baikabonet, wato sodar burodi tsantsa da aka narkar a tataccen ruwa, amma kada ƙarin ya wuce dKH 1 a yini. Kada ka ce ai kanwa ma za ta yi. Gaskiya ne akwai kabonet a cikinta, sai dai tana tafe da ƙasa da wasu gishirai da ba ka san yawansu ba. A sabon tanki ma, sau da yawa canza kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako ya wadatar, ba sai an zuba komai ba. Abin da ba ka auna ba, kada ka ƙara shi.

Fosfet in ya yi yawa yana hana ɓawon ginuwa. Ka riƙe shi ƙasa da 0.1 ppm, naitret kuma, wato abin da naitrait ke rikiɗewa ya zama, ƙasa da 10 ppm, ta hanyar rage abincin kifi. Amma kada ka kore su har sifili, tsiro ce, tana bukatar ɗan abin ci.

To, ko da komai ya yi daidai, koralin ba ta fitowa daga babu. Idan da busasshen dutse ka fara, sai ka kawo iri. Ka roƙi wani mai tsohon tanki ɗan dutse ko ɓawon katantanwa da ya rine da ita, kuma in da hali ka samo launi biyu ko uku, tunda ba ka san wadda za ta karɓi tankinka ba. Ka ɗauko shi cikin ruwa, kada ya sha iska. Ka duba shi da kyau, don wata 'yar halitta mai suna Aiptasia kan maƙale a jiki, kuma in ta shiga tanki fitar da ita wahala ce. Sai ka kashe na'urar kumfa mai cire datti daga ruwa, ka cire audugar tacewa, ka bar famfon da ke kaɗa ruwa yana aiki. Ka kankare ɓawon da reza a cikin ruwan, garin ya watsu ko'ina. Bayan awa ɗaya ko biyu ka mayar da komai, dutsen kuma ka ajiye shi inda ruwa ke gudu.

Haske matsakaici take so, mai rinjayen shuɗi, awa 8 zuwa 10 a yini. Sabbin fitilun LED suna da ƙarfi, ka fara da ƙasa ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Shi ya sa za ka ga ta fara bayyana a gefen duwatsu da jikin famfo kafin saman da haske ke duka.

Zafi kuwa, mai tanki a Kano ko Maraɗi sai ya yi shiri tun kafin bazara. Digiri 24 zuwa 26 ake nema, alhali a watan Afrilu zafin gari kan haura 40. Fanka mai hura saman ruwa tana rage digiri ɗaya ko biyu, amma tana ƙara ƙafewa. In ɗakin ba shi da na'urar sanyaya, injin sanyaya ruwa ya zama dole. Famfon kaɗa ruwa kuma ka haɗa shi da inbata ko sola, don ruwan da ya tsaya cak in an ɗauke wuta shi ke fara kashe abin da ke ciki.

Ɗigon farko, kamar kan allura, yakan bayyana bayan wata ɗaya ko biyu, rufe duwatsu kuwa aikin watanni ne, wani lokacin shekara. In ka ga wani jan abu ya malale cikin kwana biyu, ka fesa masa ruwa da sirinji. Idan ya ɗaye kamar yana, wannan sayano ce, wata ƙwayar bakteriya, sai ka zuƙe ta ka ƙara gudun ruwa. Koralin ba ta ɗayewa sai da reza.

Farin zare a bakin ɗigo alamar girma ce. Amma in faci guda ya koma fari fat, ya mutu, sai ka koma littafinka. Ko alkaliniti ya yi tsalle, ko an ƙara haske kwatsam, ko zafi ya hau, ko kuma dutsen ya daɗe a waje lokacin canjin ruwa da fitila a kunne. Ka gyara abu guda, ka bar farin a wurin, sabuwa takan hau kansa.

Da ta kama, za ta fara shan alkaliniti sosai, sai ka koma awo sau biyu a mako, kuma a nan ne ƙarin kalsiyam da kabonet na kullum ke da amfani. Ka riƙa kankare gilashin gaba tun ɗigon yana ƙarami, da roba in tankin na akirilik ne, wato robar nan mai kama da gilashi, don reza na zana shi. Famfunan kuma duk bayan wata biyu ko uku ka jiƙa su a ruwan binega, ka ɗauraye sosai kafin ka mayar. Bushiyar teku, wata halitta mai ƙaya da ake sa wa a tanki, tana kankare koralin ta cinye, ka dakata da sa ta sai duwatsun sun rufu.