Katin hoto a Linux: kurakuran da na gaji da gyarawa

Da wuya mako ya wuce ba a kawo mini kwamfuta allonta baƙi ƙirin ba, ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maradi ne ko yaron shago, ana cewa wai Linux ba ya aiki. Linux lafiyarsa ƙalau. Katin hoto ne, wato ɓangaren da ke fitar da hoto a allo, kuma kurakuran ba sa canzawa.

Babbansu shi ne biyan kuɗi kafin a san abin da ke cikin na'ura. Mu nan okaziyo muke saye, a babbar kasuwa ko wadda aka shigo da ita daga Kano ta Dan Issa. Mutum ya duba batir, ya ga tambarin Nvidia, ya ji daɗi ya ƙirga jikkunansa. To ka sani, direba shi ne manhajar da ke sarrafa katin, kuma direbobin Intel da AMD a buɗe suke, kowa na iya dubawa ya gyara, suna cikin Linux ɗin kansa da kuma Mesa, tarin buɗaɗɗun direbobin hoto. AMD ta fara sakin takardun bayanin katunanta a 2007, direban amdgpu ya shiga Linux a 2015. Kana girkawa hoto zai fito. Buɗaɗɗen direban Nvidia kuwa, Nouveau, ƴan sa-kai ne suka haɗa shi ta bin diddigin yadda katin yake aiki. Daga jerin GTX 900 katin ya daina karɓar famwaya, wato ƙaramar manhajar da ake loda wa katin kansa, sai wadda kamfanin ya sa wa hannu, shi ya sa GTX 900 da GTX 1000 suke tafiya da mafi ƙarancin gudunsu a Nouveau. Ka biya kuɗin doki, ga ka bisa jaki.

Ni ba na sayen kwamfuta sai da kile mai Linux a aljihu. A gaban mai kaya nake tayar da ita, in rubuta umarnin lspci mai jero kayan cikin na'ura, in karanta sunan katin da idona. In ya ce ba ya yarda a soka kile, mu yi sallama. Kuma kada sunan Intel kaɗai ya ruɗe ka: ƙananan kwamfutocin nan masu GMA 500 da GMA 3600, ƙirar PowerVR ta wani kamfani daban ce a cikinsu, ba su taɓa samun buɗaɗɗen direba na kirki ba.

Na biyu shi ne wanda ya fi ɓata mini rai. Samari, ku daina sauko da direba daga shafin kamfani kuna girkawa da hannu! Ɗabi'ar Windows ce, ba ta da wurin zama a nan. Ni ma ta taɓa cin kuɗina: na yi wa wani mai haɗa bidiyon biki haka, bayan ƴan kwanaki kwamfutar ta sabunta kanel, wato zuciyar Linux, direban bai bi ba, allo ya mutu ana gobe zai miƙa aiki. Kwana na yi ina kwance abin da na ɗaura, kuɗin aikin ma na mayar masa don kunya. Rufaffen direba an gina shi ne daidai da wani kanel, in kanel ya motsa sai an sake gina masa mahaɗi. In dole ne ka yi amfani da shi, misali aikinka na buƙatar CUDA, fasahar Nvidia ta yin lissafi da katin hoto, ɗauko shi daga rumbun Ubuntu ko Debian ɗin da kake kai, inda manhajar DKMS za ta riƙa sake gina mahaɗin da kanta.

Ga kuma abin da ba a faɗa wa mai sayen tsohon kaya. Ranar da kamfani ya daina sabunta rufaffen direba, babu wanda ke da ikon ci gaba da shi. Katin GT 210 da har yanzu ake tallarsa, direbansa na jerin 340 ne, wanda aka daina kula da shi tun ƙarshen 2019. Sa'ansa na Radeon HD 5000 kuwa yana nan yana aiki da sabon Linux, don lambobin direbansa suna hannun jama'a. Mu da muke riƙe na'ura har sai ta mutu, wannan ya fi mana komai muhimmanci.

Sai masu zafin kai, waɗanda suka ji an ce "buɗaɗɗe" suka ɗauka komai ya buɗe. A watan Mayun 2022 Nvidia ta buɗe ɓangaren direbanta da ke shiga kanel, daga GTX 16 da RTX 20 zuwa sama, amma sauran a rufe yake. Katunan AMD su ma ba sa tashi sai da rufaffiyar famwaya. Na ga wanda ya goge ta wai yana tsarkake kwamfutarsa, ya dawo yana kuka da hoto. A Debian ka tabbata firmware-amd-graphics yana ciki. Tun Debian 12 ta 2023 ma tare suke zuwa. Kati wanda har zanen ƙirarsa a buɗe yake, an gwada: Timothy Miller ya fara Open Graphics Project a 2004, suka fitar da allon gwaji OGD1, bai kai ga kasuwa irin tamu ba. Goyon bayan da ke hannunmu yau shi ne mu kai kuɗinmu wurin masu buɗe direba, in mun ci karo da matsala mu aika wa masu Mesa rahoto da sunan kati da lambar kanel, maimakon zagi a WhatsApp.

Ƙananan kuwa a taƙaice. Kada ka ƙona forfe wajen sauko da AMDGPU-PRO, direban da ke shafin AMD, don wanda ke cikin Linux ya ishe ka kallo da wasa. In ka sa nomodeset, umarnin da ke hana direban hoto tashi, don ka samu ka girka Linux, cire shi bayan ka gama, in ba haka ba direban ba zai taɓa tashi ba. Sabon kati a tsohon Linux ba ya tafiya, sabunta kanel da Mesa tukuna. Kafin ka zargi direba kuma, buɗe bayan kwamfutar ka duba fanka: ƙurar hunturu da zafin Afrilu na Maradi suna sa kati ya rage gudu da kansa, ko ya kashe na'urar gaba ɗaya. Ni kowane ƙarshen hunturu nake busa tawa, in sauya man da ke tsakanin katin da ƙarfen sanyaya shi.