Darasi na 7: Zaɓen Takalmin Gudu ga Mai Ƙafar da ke Karkata Ciki

Duk wanda ya saba fita da sassafe a hanyar Samaru ko ta Kongo a Zariya yakan ga matasa da dattawa suna sassarfa domin motsa jiki, amma kaɗan ne a cikinsu suka taɓa juya takalminsu suka duba ƙasansa.

Idan mutum yana gudu, ƙafarsa takan ɗan karkata ciki bayan ta sauka, domin ta rage ƙarfin bugun ƙasa. Wannan halitta ce. Sai dai a wurin wasu, musamman masu shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, karkatar takan yi yawa har nauyin jiki ya taru a gefen babban yatsa, kuma hakan na iya jawo ciwon ƙwauri ko na gwiwa ko na diddige.

Ka ɗora tsohon kambas ɗinka a kan benci, ka duƙa ka kalle shi ta baya. Idan ya jingina ciki, kuma robar ƙasansa ta fi cinyewa ta wannan gefen, to akwai alamar ƙafarka tana cikin irin waɗannan. Haka nan idan ka jiƙa ƙafa ka taka busasshen siminti, ka ga sawun ya fito cikakke ba tare da lanƙwasa a tsakiya ba.

In ka je kasuwar Sabon Gari, ka je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma ka tafi da safar da kake gudu da ita. Ka matsa bayan takalmin da yatsu biyu, ka tabbata yana da tauri. Ka murɗe shi kamar mai matse wanki; idan ya murɗu cikin sauƙi, ka ajiye shi, domin ba zai tallafe ka ba. Soson gefen ciki ya kamata ya fi na waje ƙarfi, sannan a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi.

Batun gwanjo yana bukatar hattara sosai, ko da yake mun san shi ne daidai aljihun yawancinmu. Takalmin gudu yakan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma mai yin kilomita 20 a mako zai cika 500 cikin wata shida. Na gwanjo kuwa wata ƙafar ta riga ta sha shi, wataƙila ma ta karkatar da shi, alhali samansa yana nan fes. Saboda haka a ɗora shi a kan teburin mai kaya, a yi masa irin kallon da aka yi wa tsohon na gida kafin a fara ciniki.

Wanda ciwonsa ya ƙi lafawa bayan ya sauya takalmi, ya dakatar da gudu ya ga likitan ƙashi, kamar waɗanda ke asibitin koyarwa na Shika.