Gyaran baya da hannu: sati nawa ya kamata ka ba shi kafin ka ce ya yi ko bai yi ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Abin da ya sa na zauna rubuta wanga bayani yayana ne, direban kamiyo ne shina ɗaukar kaya daga nan Maradi ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya har Kano, ciwon ƙugu ya kama shi ya hi shekara biyu, ya sha kaho wajen wanzami, ya sha tausa da man zahi, ya sha komprime har cikinshi ya fara mishi zogi. Daga baya wani ya kwatanta mishi mai gyaran baya da hannu a wani gari can ƙetaren iyaka, irin waɗanda ake kira kiroprakta, mutumin ya danna shi baya ya yi ƙas, ya ji sakayau ranar, sai aka ce mishi sai ya yi zama 40 kuma ya biya kuɗɗin gaba ɗaya. Ya biya. Wata biyar shina zarya, ciwon na nan inda yake. Wallahi abin ya ci mini rai, don ba kuɗɗin kaɗai ba, lokacin da ya ɓata ne.

To bari in fara da amsar kai tsaye don wanda ba ya da lokacin karatu mai tsawo. In ciwon bayanka ya daɗe, wato ya wuce wata 3, gwajin farko na gyaran hannu bai kamata ya wuce sati 4 zuwa 6 ba, zama biyu a sati, jimilla zama 8 zuwa 12, sannan a tsaya a duba. In ka ga canji na gaske a ci gaba amma ana rage zuwa, in ba ka ga komi ba a tsaida shi a canza hanya. Ba daga kaina na ɗauko lissahin ba. A Amurka, a garin Fotlan, an yi bincike da mutum 400 masu daɗaɗɗen ciwon baya wanda aka buga a 2014, aka raba su, wasu ba a yi musu gyaran ba, wasu zama 6, wasu 12, wasu 18, duk cikin sati 6, sai aka ga zama 12 ne ya hi ba da sakamako mai kyau, kuma ko shi ɗin ratar da ke tsakaninshi da sauran ba ta da yawa. Wato 18 bai hi 12 ba. A Ingila ma jagorar da hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta hidda a 2009 ta ce har zama 9 cikin sati 12, ta 2016 kuma ta ce kar a yi gyaran hannu shi kaɗai sai an haɗa da motsa jiki. Ka ga babu inda aka ce 40.

Ita wagga sana'a ta kiroprakta a 1895 ta faro, wani mutum D.D. Palmer ne ya kafa ta a garin Dabanfot na jihar Ayowa a Amurka. A nan wajenmu ba kasafai za ka gamu da kiroprakta ba, wanda za ka hi samu shi ne kine, mai gashin ƙashi da tausa da koyar da motsa jiki, kuma wannan ma'aunin na lokaci duk ɗaya ne ko wajen wa ka tahi. Maɗori daban ne fa, shi aikinshi karaya da targaɗe, kar a haɗa.

Amma kafin kowa ya ɗora maka hannu a gadon baya, ka fara ganin lokotoro, nan ne nake so in daɗe don nan mutanenmu ke cutuwa. Ba kowane ciwon baya ne na gajiya ko na zama ba. A ƙasarmu akwai tibi, wato ciwon tarin huka, da ke cin ƙashin baya, mutum na rama, zazzaɓi da marece, zufa da dare, ciwon ba ya lafawa ko ya kwanta, a hankali har ƙusumbi ya hito, irin wannan ƙashin ya riga ya yi rauni in aka danna shi da ƙarhi ana iya gurgunta mutum, maganinshi na tibi ne na watanni ba tausa ba. Akwai ciwon da ake ɗauka ta ɗanyen nono da ba a dafa ba wanda shi ma yana sauka a ƙugu, masu kiwo su kula. Mai sikila, tsohuwa da ƙashinta ya yi sanyi, wanda ya faɗo daga moto ko daga amalanke, wanda ya taɓa ciwon daji, duk sai lokotoro ya duba, in da hali a ɗauki radiyo, wato hoton ƙashi. In kuma ƙahwa ta fara mutuwa ko tana ja, ko tsakanin cinyoyi ya yi dindiris ba ka jin taɓi, ko fitsari ya ƙi hita ko shina zubowa ba ka sani ba, don Allah wannan ba maganar sati ba ce ko randebu, a ranar ake tahiya babbar asibiti, jijiyoyi ne aka matse kuma jinkiri na iya barin mutum da nakasa.

In lokotoro ya ce ba ɗaya daga cikin waɗannan, ciwon baya ne na yau da kullum wanda shi ne mahi yawa, to sai ka shirya. Ka sayi ƙaramin kaye ko ka buɗe wuri a wayarka. Ranar farko kafin a taɓa ka, ka rubuta ciwon daga 0 zuwa 10, sannan ka zaɓi abu uku da ciwon ya hana ka, na gaske a rayuwarka, misali ruku'u da sujada ba tare da dafa bango ba, minti nawa kake iya zama bisa moto ko gaban keken ɗinki kafin ka miƙe, ko sau nawa ciwon ke tada ka da dare. Mace ta rubuta daka, ɗaukar bokiti, goyo, duƙawa wajen wanki. Duk ranar Juma'a ka sake rubutawa. Dalili shi ne bayan an danna ka baya ya yi ƙara za ka ji daɗi na awa kaɗan ko kwana ɗaya, shi ne ya ruɗi yayana, duk zuwa sai ya ce ai na ji sauƙi, alhali in da ya duba kaye zai ga wata uku ke nan bai ƙara ko minti biyar a zaman tuƙi ba. Ita ƙarar nan ma ba ƙashi ne ya koma mazauninshi ba, iska ce cikin ruwan gaɓa, kamar yadda yatsu ke yi in ka lanƙwasa su. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan zaman farko ba komi ba ne, amma ciwo da ke ƙaruwa zama bayan zama ko ya fara sauka ƙahwa, a tsaya nan take.

A zaman farko ka tambayi mai aikin baki da baki, cikin ladabi: Malam zama nawa za mu yi kafin mu duba, kuma mi za mu yi in bai yi ba? Mai gaskiya zai ba ka lamba da rana. Wanda ya ce sai shekara, ko ya ce ka biya zama talatin ko arba'in tun yanzu, ko ya ce in ka daina zuwa bayanka zai karkace, ko shina ɗaukarka radiyo kowane wata, ko ya ce hannunshi na maganin hawan jini da ciwon suga da rashin haihuwa, ka yi mishi godiya ka kama gabanka. Ka biya zama-zama, ko dai na sati biyu in ya matsa.

Wajen sati na 2 zuwa na 4 ya kamata ka fara ganin wani abu a kayenka ko da kaɗan ne. A sati na 6 ake yanke hukunci. Ma'aunin da masu bincike ke yawan amfani da shi shi ne ciwo ya ragu da kamar kashi 30 cikin ɗari, wato in ka fara da 7 ka sauko 5 ko 4 kuma kana yin abin da da ba ka iyawa. In haka ne sai a koma sau ɗaya a sati, sannan sau ɗaya a sati biyu, zuwa wata na 3 a sallame ka, in ya taso wata rana ka koma zama biyu ko uku ba laihi. Kar ka sa ran zai ɓace ƙurmus, daɗaɗɗen ciwon baya yakan tahi ya dawo, kuma babban nazarin da aka buga a 2019 wanda ya tattara gwaji 47 ya nuna gyaran hannu na taimakawa daidai da sauran hanyoyin da ake shawarta, bai hi su ba. Taimako ne matsakaici.

Shi ya sa rabin aikin a gida yake. Hukumar lahiya ta duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon baya, kuma a jagorar da ta hidda a Disamban 2023 ta yarda da gyaran hannu da tausa da motsa jiki da ilimantar da mara lahiya, amma ta hana ɗaura bel na ƙugu da injin jan baya da magunguna masu sa maye irin dangin tramol. Maganar tramol nan kam kowa ya san abin da ta yi wa samarinmu 'yan kabu-kabu da masu dako, da ciwon baya da yawa suka fara. Diklofenak da ibuprofen na taimakawa na kwanaki, amma shan su wata da watanni na cin ciki da ƙoda, kar a saye su a tebur ana haɗiya kamar gyaɗa. Kwanciya ma ba magani ba ce, tana ƙara sandarar da baya. Ka yi tahiya a ƙasa bayan asuba kafin rana ta yi zahi, fara da minti 10 kana ƙarawa har 30, kuma ka matsa wa kine ya koya maka motsi uku ko huɗu da za ka yi bisa tabarma kullum, ya kalle ka kana yi ya gyara maka. In ka yi zama shida ba a koya maka komi ba sai kwanta a danna tashi ka biya, ka tambaya, haƙƙinka ne.

In sati 6 ya cika kaye bai motsa ba, ka koma wajen lokotoro da kayen a hannu ka nuna mishi abin da aka yi da adadin zaman, shi zai ga ko sai an yi sikana ko gwajin jini ko a canza salon motsa jikin. Haka muka yi da Yaya daga ƙarshe, aka duba ba a samu tibi ba alhamdulillahi, aka haɗa shi da kine, zama 10 cikin sati 5, yanzu duk awa biyu shina tsaida kamiyo ya sauko ya taka na minti biyar, ya sa ɗan matashi bayan ƙugu, buhu kuma ya bar wa yaran mota. Ciwon na leƙo shi in ya kwana a iyaka cikin mota, amma ya koma sallah a tsaye cikin sahu.