Yadda Ake Tada Hitar Gida a Ingila Bayan Ta Daɗe a Kashe

A yawancin gidajen Ingila, boila ɗaya ce ke dafa ruwa da gas, ta tura shi ta bututu zuwa radiyetocin da ke jikin bangon kowane ɗaki. Daga Mayu zuwa Satumba kusan kowa na kashe ɓangaren ɗumama ɗaki, wasunmu kuma mukan kulle ƙofa mu tafi ganin gida wata biyu ko uku. Ɗalibi sabon zuwa ma yakan kama gidan da ya kwana biyu ba kowa a ciki. Ranar da sanyi ya fara ratsa ƙashi sai a danna maɓalli a ji shiru. Don haka nake roƙon 'yan'uwa su gwada tun a Satumba. Da Nuwamba ta kama aiki ya yi wa masu gyara yawa, sai mutum ya yi kwanaki yana jira, yara na ƙudundune cikin bargo.

Kafin ka taɓa komai, fara da hanci da ido. In ka ji warin gas, kada ka kunna ko ka kashe wutar lantarki, kada ka ƙyasta ashana. Buɗe tagogi, rufe gas daga wajen mita, ka fita waje ka kira 0800 111 999, layin gaggawa na gas. In babu wari, leƙa ƙarƙashin boila da gindin kowace radiyeta, ko akwai danshi ko tsatsa. Sannan ka danna na'urar ƙararrawar kabon monoksaid ka ji ta yi ƙara. Wannan iskar ita ce dai wadda ke cikin hayaƙin janareta da muka sha jin ta hallaka iyali guda cikin barci. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tun Oktoban 2022 doka a Ingila ta wajabta wa masu ba da haya su sa na'urar a ɗakin da boila take. In babu ita, nemi a sa kafin ka kunna.

Daga nan sai mita. Mai amfani da mitar kati ya sani cewa akwai kuɗin da ake cirewa kullum ko an ƙona gas ko ba a ƙona ba. Na taɓa dawowa daga tafiya na zuba kuɗi, bashin da ya taru ya cinye mafi yawansu, na yi ta zargin boila alhali lafiyarta ƙalau. Tabbatar gas a buɗe yake, makunnin lantarkin boila a kunne, babban famfon ruwan gida kuma, wanda galibi yake ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin, an buɗe shi.

Yanzu dubi agogon matsin ruwa da ke gaban boila. Idan tana sanye, allurar ta tsaya tsakanin bar 1 da 1.5. Boilar da ta daɗe a kashe sau da yawa takan sauka ƙasa da haka, kuma da yawansu ba sa tashi sam sai an ƙara musu ruwa. Galibi a ƙarƙashinta akwai wani ɗan tiyo mai launin azurfa da bawul, wato abin murɗawa mai buɗe ruwa da rufe shi, ɗaya ko biyu. Murɗa su sannu a hankali, za ka ji ruwa na shiga, idonka na kan allura. Da ta kai 1.2 ko 1.3 ka rufe su tamau. Gaggawa a nan ɓarna ce: in ruwan ya yi yawa sai boila ta riƙa zubar da shi ta bututun waje.

Sai ka zaga ɗakuna ka buɗe bawul ɗin kowace radiyeta zuwa lamba mafi girma. Canja batirin tamostat ɗin bango, wato na'urar saita zafin gida, in yana amfani da batir, ka gyara lokacin da ke jikinsa, ka tuna kuma ana mayar da agogo baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Ɗaga shi sama da zafin ɗakin, ka saurara. In boila ta nuna wata lamba ta tsaya, danna maɓallin sake tashi sau ɗaya, ko biyu in ta kama. Kada ka yi ta danna shi. Rubuta lambar, ita mai gyara zai fara tambaya.

Bayan minti 20 ka shafa kowace radiyeta da tafin hannu, domin ita da kanta za ta faɗa maka ciwonta. Wadda ƙasanta ya yi zafi samanta na sanyi, iska ce ta taru a ciki, kuma wannan aikinka ne. Kashe hita, bari ta huce. Ɗauki ɗan makullin radiyeta, ana samunsa da araha a shagunan kayan gini, da tsumma da ƙaramin kwano. Sa makullin a ɗan bawul ɗin da ke kusurwar sama, ka murɗa hagu kaɗan, rabin zagaye ya isa. Za ka ji iska na fita fuuu. Da ruwa ya biyo baya ka ɗaure. Fara da ta ƙasan bene mafi nisa da boila, ka ƙare da na sama. Kowace iska da ka fitar tana rage matsin ruwa, saboda haka ka koma ka duba allura, ka ƙara in ta sauka.

Wadda ta ƙi zafi gaba ɗaya kuwa, galibi bawul ɗinta ne ya cije saboda ya yi watanni a rufe. Kwance kan robar mai lambobi, za ka ga ɗan ƙarfe kamar ƙusa. Danna shi da bayan cokali har ya riƙa shiga yana dawowa da kansa. Kada ka ja shi da filaya, yana iya fizgowa ruwa ya biyo. In kuma saman radiyeta ne ke da zafi, ƙasan tsakiya na sanyi, baƙar laka ce ta tsatsa ta kwanta, sai an wanke bututun an zuba maganin hana tsatsa. Haka in boila na ruri amma duk radiyetoci sun ƙi ɗumi, mai yiwuwa famfon da ke zagaya ruwan ne ya cije.

Waɗannan biyun na mai gyara ne, kuma duk abin da ke bayan murfin boila haramun ne ga wanda ba shi da rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas, wadda ta fara aiki a 2009. Ko da ɗan'uwanka ne mai hannu a gyare-gyare, nemi katinsa. Harshen wuta da ya koma rawaya maimakon shuɗi, ko baƙin tabo a jikin boila, ko ciwon kai da ke sakin mutum da ya fita waje, duk alamu ne na a kashe nan take. Ɗan haya ya sanar da mai gida a rubuce, domin doka ta ɗora masa gyaran da kuma binciken gas sau ɗaya kowace shekara.

Famfunan wanka da na kicin ma a sake su su zuba na 'yan mintuna da taga a buɗe, saboda ruwan da ya daɗe a bututu yana tara ƙwayoyin cuta. In komai ya daidaita, saita tamostat tsakanin digiri 18 da 21, ka sake leƙa allurar washegari da safe. In ta sauka cikin dare, akwai inda ke yoyo.