Yadda Ake Gane Sandarewar Harshe da Kumburin Muƙamuƙi a Shanu, da Abin da Za a Yi

Da rani, in ciyawa ta ƙare shanu suka koma kan busasshen kara da ƙaiƙayi da ƙaya, bakinsu kan samu 'yan raunuka. Ta nan ƙwayoyin cutar da dama can suke zaune a bakin dabba ke kutsawa cikin nama. Actinobacillus lignieresii tana sandarar da harshe ya zama kamar itace, ita kuwa Actinomyces bovis ƙashin muƙamuƙi take ci.

Mataki na farko, tsaya daga nesa ka duba garken. In shanu da yawa ne ke dalalar da miyau suna ɗingishi, ka fi zargin boru, ciwon baki da kofato. Sandarewar harshe da kumburin muƙamuƙi kuwa ɗaiɗai suke kamu. In kuma halin dabbar ya canja, tana kuka ba dalili ko tana kai hari, kada ka kuskura ka sa hannu a bakinta, don ciwon haukan kare ma da dalala yake zuwa.

Na biyu, a ɗaure ta, ka sa safar hannu, ka taɓa kumburin. A nan aikin yake. Kumburi mai taushi a ƙarƙashin haɓa, wanda in ka danna yatsa ya lotsa, yawanci tsutsar ciki ce ko ciwon hanta. Wanda ke motsi ƙarƙashin fata galibi ƙurji ne. Amma mai tauri kamar dutse, manne da ƙashi, ba ya gusawa ko kaɗan, shi ne na muƙamuƙi. In ya fashe za ka ga mugunya mai kauri da 'yan tsaba rawaya kamar gero. Buɗe bakin kuma ka lalubi harshen da kumatu. Sau da yawa guntun kara ne ya maƙale, ana ta neman cuta.

Na uku, kira likitan dabbobi. Maganin da aka sani shi ne aidin, wato sodium iodide, ta jijiya, miligiram 70 ga kowane kilo na nauyin dabba, a maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, galibi haɗe da oxytetracycline ko penicillin. Ba allurar da za ka yi da kanka ba ce, domin in ta zube a wajen jijiya tana ƙona nama. Ka faɗa masa in saniyar na da ciki. Hawaye da majina da amosani a fata alamar aidin ya yi yawa ne.

Harshe kan saki cikin kwana biyu in an kama shi da wuri. Ƙashi kuwa in ya riga ya kumbura ba ya komawa, iyaka a tsayar da shi. Shi ya sa ban ga amfanin sakiya ko lalas a kansa ba, ƙarin rauni ne kurum. Sa mai tsohon kumburi da ya fara ramewa, gara a yi shawarar yanka shi bayan kwanakin da aka rubuta a kwalbar maganin sun cika.

Kafin nan, ware dabbar da ta kamu daga kwamin ruwan sauran, ka ba ta jiƙaƙƙiyar dusa da harawa mai laushi har ta koma tuƙa.