Yadda za ka kafa ƙa'idar amfani da AI a kasuwancinka kafin ta jawo maka tara

Kada ka fara da rubuta doguwar takarda. Fara zagaya ma'aikatanka: akanta, sakatare, da yaron da ke amsa saƙon kwastomomi a WhatsApp. Tambaye su wace manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) suke amfani da ita, kuma me suke zuba mata. Daga Kantin Kwari har masana'antun Sharaɗa, sau da yawa maigida ne na ƙarshen sani.

Nan ake yin ɓarnar. Akanta zai kwashi jerin masu bashi, sunaye da lambobin waya da lambar asusu, wani har da BVN, ya liƙa wa ChatGPT don ta tsara masa wasiƙar tuni. Shi a ganinsa ya rage wa kansa aiki. A idon Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 kuwa, bayanan mutane ne aka tura wa wani kamfani a Amurka ba da saninsu ba, kuma kamfaninka za a tuhuma. Tarar ƙaramin kamfani tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta manya tana iya kaiwa miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari, a kan wannan tsari.

Saboda haka a goge suna da lamba kafin a liƙa komai, a sa "kwastoma na 1", a mayar da sunan bayan an sauke wasiƙar. NIN, BVN da hoton katin shaida ba sa shiga ko da wane dalili. Buɗe wa kamfani asusu guda, ka shiga saitinsa ka kashe damar horar da manhajar da hirarku. Asusun kasuwanci akwai tsada, amma ya fi a ce kowa na aiki da na kyauta a wayarsa.

Ba da kaya bashi ko ɗaukar ma'aikaci, kada na'ura ta yanke ita kaɗai. Doka ta bai wa mutum damar neman ɗan'adam ya sake dubawa, don haka a samu mai sa hannu.

Sauran mai sauƙi ne. Shafi ɗaya da Hausa, kowa ya karanta ya sa hannu, a naɗa mutum ɗaya mai lura. In bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, awa 72 gare ka ka sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya (NDPC).