Kurakuran da Birane ke Tafkawa Wajen Ceton Malam-buɗe-littafin Monak, da Yadda Ake Gyara Su

Wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san tumfafiya da farin ruwanta mai kama da nono. Idan ka ɗaga ganyenta, wani lokaci za ka tarar da wata tsutsa mai zanen baƙi da fari da rawaya tana ci hankali kwance, kamar babu dafi a cikinsa. Ita ce ke rikiɗewa ta zama malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da baƙin gefe. Yana da ɗan'uwa a Arewacin Amurka da ake kira monak, wanda shi ma tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen milkwid, dangin tumfafiya. Dafin ganyen yana taruwa a jikinta, shi ya sa yawancin tsuntsaye ke ƙyale ta.

Abin da ya fito da sunan monak shi ne ƙaurarsa. Duk ƙarshen shekara yana tasowa daga kudancin Kanada da Amurka, ya yi tafiyar da kan kai kilomita 4,000, ya sauka a dazuzzukan duwatsun Michoacán da ke Meksiko wajen farkon Nuwamba. A can ba a ƙirga su ɗaya-ɗaya, sai dai a auna faɗin dajin da suka lulluɓe. A hunturun 1996 zuwa 1997 sun rufe fiye da hekta 18. A na 2013 zuwa 2014 ko hekta ɗaya ba su cika ba. Babban dalili shi ne gonakin masara da waken soya na tsakiyar Amurka, inda maganin ciyawa ya share milkwid tun da aka kawo irin da ke jure feshi a 1996. Da gona ta ƙi, sai ido ya koma kan gari. A 2014 birnin St. Louis na Amurka ya ƙuduri kafa lambunan monak 250, a 2015 kuma ƙungiyar kare namun daji ta National Wildlife Federation ta fito da alkawarin kare monak da ɗaruruwan magadan gari suka sa wa hannu. Niyya dai ta yi kyau, sai dai wajen aikin ana yawan yin tuya a manta da albasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shuka furanni don ido. A cika bakin titi da furannin ado masu ɗaukar hankali, a ɗauki hoto, a ce an yi wa monak gida. Babban monak zai iya tsayawa ya sha ruwan fure ya wuce, amma macen ba za ta saka ƙwai ba sai a kan milkwid. Lambun da babu milkwid masauƙin baƙi ne, ba ɗakin haihuwa ba. Akwai kuma masu yin akasin haka, su shuka milkwid zalla. Su ma sun yi rabin aiki, domin zuriyar ƙarshe ta shekara, wadda ke rayuwa har wata takwas alhali na gabanta makonni kaɗan suke yi, sai ta tara kitse a hanya a Satumba da Oktoba kafin ta isa Meksiko. Gyaran shi ne a haɗa biyun: milkwid don tsutsa, da furannin yankin da za su riƙa buɗewa bi da bi tun daga Afrilu har sanyi ya shigo, musamman masu buɗewa a makare irin su asta. Kuma a sa a rai cewa ganyen zai ɓuɓɓule. Mai lambun da ya ga an cinye milkwid ɗinsa ya ɗauko feshi bai fahimci abin da ya shuka ba.

Daga nan sai batun wane milkwid. Nan ne aka fi yin gyaran gangar auzinawa. Masu sayar da dashe sun fi son wani iri na ƙasashe masu zafi mai jan fure da rawaya, saboda yana da kyau, yana kuma tsiro ba wahala. Matsalarsa ita ce a wurare masu ɗumi kamar kudancin Texas, Florida da gaɓar Kalifoniya ba ya mutuwa da sanyi. Akwai wata ƙwayar cuta da ake taƙaita sunanta da OE, wadda monak mai ɗauke da ita ke zubarwa a kan ganye, tsutsa ta ci, ta fito da naƙasasshen fiffike ko ba ƙarfin tafiya. Milkwid ɗin asalin yankin yana bushewa duk shekara, cutar ta tafi da tsohon ganye. Wancan kuwa yana nan kore shar, cuta na ta taruwa a kansa, wasu monak ɗin ma su yada zango su ci gaba da hayayyafa a lokacin da ya kamata suna kan hanya. A 2022 Kalifoniya ta sa shi cikin jerin miyagun ciyayi. Wanda ya riga ya shuka shi, ko dai ya tumɓuke ya maye gurbinsa da irin yankinsa, ko ya riƙa sare shi har ƙasa daga Oktoba zuwa ƙarshen sanyi. Irin yankin yana da nasa hali: ƙwayar da yawa daga cikinsu ba ta tsira sai ta sha sanyi da danshi na kusan wata guda, don haka a ƙarshen shekara ake shuka ta, ko a ajiye ta a firji cikin jiƙaƙƙen yashi. Da yawa sun shuka a watan Mayu, ba su ga komai ba, suka ce iri ne marar kyau.

A ganina, kuskuren da ya fi kowanne ɓarna ba a lambu yake faruwa ba, a ofis yake faruwa. Magajin gari ya sa hannu, sashen kula da lambuna ya yi dashe, amma ba wanda ya gaya wa direban injin yankan ciyawa, ba wanda ya gaya wa masu feshin sauro. A Yunin 2013, a garin Wilsonville na jihar Oregon, an fesa wa bishiyoyin wani filin ajiye motoci maganin ƙwari alhali suna cikin fure. Kusan manyan ƙudan zuman daji 50,000, waɗanda ake kira bambulbi, suka zube matattu a kan kwalta. Maganin daga rukunin niyonikotinoyid yake, irin da tsiro ke shanyewa ya ratsa har cikin furensa. A 2014 birnin Eugene na wannan jiha ya hana amfani da rukunin a filayen hukuma. A Agustan 2020 kuma an yi feshin sauro ta jirgin sama a yankin Fargo na jihar North Dakota, daidai lokacin da monak ke haramar tafiya kudu, washegari mutane suka wayi gari suna tsintar gawarwakinsu. Ba wanda ke cewa a bar sauro, mu da muka san zazzaɓi ba za mu faɗi haka ba. Abin da ake nema shi ne a fara da kashe tsutsar sauron a ruwan da ya kwanta, a ba masu feshi taswirar lambunan, a kuma kauce wa makonnin ƙaura. Haka wajen yanka: a rubuta kwanakin da ba a taɓa bakin hanya cikin takardar kwangilar ɗan kwangila, a kafa allo a wurin, a yanke siririn layi a gefe don maƙwabta su gane da gangan aka bar shi. Sannan mai sayen dashe ya tambayi mai sayarwa ko an ba tsiron magani, domin ana iya sayo milkwid da gubarsa.

Ita ma doka takan yi wa aikin ƙafar ungulu. Garuruwa da yawa suna da tsohuwar dokar da ke cin tarar duk wanda ciyawar ƙofar gidansa ta wuce wani tsayi, sai ka ga hukuma ɗaya na raba iri, wata na aiko da takardar tara. Lardin Ontario na Kanada sai a 2014 ya cire milkwid daga jerin ciyayin da ake tilasta wa mutane kashewa.

Sai masu ɗauka cewa dasa amya a kan rufin bene shi ne ceton ƙudan zuma. Ƙudan zuman da ke ba da zuma dabbar kiwo ce, Turawa ne ma suka kai shi Arewacin Amurka a ƙarni na 17. Waɗanda ke cikin haɗari su ne na daji, kusan iri 4,000 a can, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari a rami suke gida cikin ƙasa, ba sarauniya ba amya. A birnin Montreal na Kanada yawan amya ya tashi daga ƙasa da 250 a 2013 zuwa kusan 3,000 a 2020, masu bincike na jami'ar Concordia kuma suka tarar ire-iren na daji sun fi ƙaranci a inda na kiwo suka yi yawa. Kamar ka ƙara garke ne a makiyayar da ba a ƙara mata ciyawa ba. Abin da na dajin ke so ba shi da tsada: fure, ɗan fili da ba a rufe da siminti ko tsakuwa ba, da busassun karare da ganyen da ba a share ba har sanyi ya wuce, domin a cikinsu suke fakewa.

Shi ya sa ban cika yarda da yayin nan na barin yankan ciyawa a watan Mayu kaɗai ba, wanda ya faro daga Birtaniya, garin Appleton na Wisconsin ya ɗauka a 2020. Wata guda ba ya mayar da dandalin ciyawa lambu, kuma binciken da aka riƙa kafa hujja da shi an janye shi a 2022. Tsarin jihar Minnesota na 2019 ya fi ma'ana: a ba mai gida ɗan tallafi ya cire wani yanki na ciyawar gaba ɗaya, ya dasa furannin yankin da za su zauna shekara da shekaru.

Na ƙarshe ya fi wuyar faɗa, don masu yinsa da zuciya ɗaya suke yi: sayen monak daga masu kiwo a sake su a biki ko a makaranta, ko tara ɗaruruwan tsutsotsi a akwati cikin ɗaki. Cunkoso na yaɗa cutar OE, kuma wani bincike na jami'ar Shikago a 2019 ya nuna monak ɗin da aka sayo daga masu kiwo ba su fuskanci kudu ba da lokacin ƙaura ya yi, har na dajin da aka rena cikin ɗaki ma sun rikice. Idan don yara su gani ne, tsutsa biyu ko uku sun isa, a ajiye su inda hasken rana da iskar waje ke taɓa su, a wanke mazubin kafin a sa wata, a saki kowanne a unguwar da aka tsince shi.